Dutsen Kagoro Amana Ce A Wuyan Kowa: Bikin Afan Da Gidajenmu

(Jawabin da aka gabatar a madadin kwamitin tsafta da raya unguwa, a taron ƙungiyarmu na ƙarshen shekara.)



Mai girma shugaban taro, shugabannin Hausawan wannan gari, limamanmu da malamanmu, dattawan unguwa, iyayenmu mata, 'yan kasuwa, samari da 'yan mata, muna yi muku barka da zuwa. Mun san wasu sun rufe shaguna, wasu sun baro gona, wasu kuma daga Kafanchan suka hawo mota don wannan zama. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kamar yadda kowa ya sani, saura 'yan kwanaki masu masaukinmu su yi bikinsu na Afan, wanda ake yi ranar 1 ga watan Janairun kowace shekara. Idan ranar ta zo, mukan kasu kashi uku. Akwai masu kulle ƙofa su zauna a gida, akwai masu fita da tire da tukunyar shayi su nemi na cefane, akwai kuma masu tsayawa daga nesa su yi kallo. Abin da kwamiti ya ɗora mana mu faɗa a yau magana ɗaya ce. Biki na masu gari ne, babu mai ja da wannan. Amma dutsen da aka sa wa bikin sunansa, ruwansa muke sha, icensa muke hurawa, inuwarsa muke zama. Saboda haka nauyin kula da shi ya hau kanmu kamar yadda ya hau kan kowa, kuma wannan nauyi daga cikin gidajenmu zai fara.

MENE NE AFAN?

Da yawa daga cikinmu an haife mu a nan, muna jin kalmar tun muna yara, amma ba mu taɓa tambayar ma'anarta ba. A harshen mutanen Kagoro, waɗanda ke kiran kansu Agworok, Afan na nufin dutse. Bikin kuwa alama ce ta cewa an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, lokacin farauta ya kama. Shi ya sa har gobe za ku ga maharba da bakansu da kwarinsu suna cikin waɗanda ake zuba wa ido a filin biki. A zamanin marigayi Sarkin Kagoro Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 har Allah ya yi masa rasuwa a 2008, bikin ya zauna a kan ranar farko ta shekara, ya kuma bunƙasa har mutane suna zuwa daga ko'ina a ƙasar nan. Magajinsa, mai martaba Ufuwai Bonet, ya ci gaba da riƙonsa.

Ya kamata mu san dalilin da ya sa dutsen nan yake da daraja haka a zuciyarsu. A kansa kakanninsu suka zauna, cikin kogunansa suka fake a zamanin yaƙe-yaƙe da harin neman bayi, kuma da shi suka tsare kansu har Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20 suka tarar da su ba sa ƙarƙashin wani sarki na waje. To mutumin da dutse ya ceci kakansa, idan ya ga ana sare itatuwan dutsen ana lodi a mota, abin zai taɓa shi fiye da yadda muke zato. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin zaman garin nan.

Akwai kuma hikima a cikin tsarin kansa. Sai amfanin gona ya bar fili kafin a shiga daji. Wato komai da lokacinsa, kuma daji yana da masu ba da izinin shigarsa. Wannan doka ce ta manoma, kuma da ita daji yake samun hutu.

MU MA MUN SAN IRIN WANNAN

Jama'a, kada mu ɗauka wannan baƙon abu ne a wurin Bahaushe. A ƙasar Hausa kakanninmu sun san buɗar dawa, inda ba a fita farautar gayya sai an buɗe daji. Sun san kalankuwa, wasan samari da 'yan mata bayan kaka. Sun naɗa Sarkin Noma, da Sarkin Dawa, da Sarkin Ruwa, kowanne da abin da yake tsarewa.

Ku dubi Argungu. Ana hana su a kogin Matan Fada har sai ranar biki, don kifi ya samu ya hayayyafa ya girma. Kuma bikin ya ɗauki siffar da aka san shi da ita ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Biki ɗaya ya tsare kifi, ya kuma ɗinke ɓaraka tsakanin mutanen da suka daɗe suna yaƙi. Idan haka ta yiwu a bakin kogi, me zai hana ta yiwu a gindin dutse?

Ba sai mun tuna wa dattawa abin da wannan yanki ya gani ba. Rikicin Kafanchan na 1987, na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011 da ya ci kasuwar Kafanchan ya taɓa Zonkwa da Matsirga, duk sun bar marayu a kowane ɓangare. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Darasin da muka ɗauka shi ne, mutanen da ba su da wani aiki da ke haɗa hannuwansu a lokacin lafiya, jita-jita kaɗan ta ishe su a lokacin fitina.

HALIN DA DAJI YAKE CIKI

Allah ya yi wa wannan yanki ni'ima. Damina takan fara tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, alhali 'yan'uwanmu na Katsina da Daura wata huɗu suke samu, wani lokaci ma ba ya cika. A kusa da mu akwai gandun dajin Kagoro da Nindam, wanda masana tsuntsaye na duniya suka lissafa cikin wurare masu muhimmanci, saboda ana samun tsuntsayen kurmi irin na kudu a cikinsa. Ga citta, ga acca, ga doya, ga masara, ga zuma.

Amma ni'ima tana da sharaɗi. Ga yadda abin yake aiki. Idan ruwan sama ya sauka a kan dutse mai ciyawa da itatuwa, ganye yana rage masa ƙarfi, saiwa tana riƙe ƙasa, ruwan ya nutse a hankali. Shi ne yake fitowa daga baya a ƙoramu da rijiyoyi har cikin bazara. Idan kuwa an ƙone ciyawar an sare itatuwan, ruwan farko zai zubo da gudu, ya kwashe ƙasa mai taki, ya yanka kwazazzabai, ya cika magudanai da yashi. Damina ta wuce ke nan ba a ajiye komai a ƙasa ba. Sai ka ji a watan Maris mata suna cewa guga ta fara taɓo laka.

Abubuwa biyu ne suka fi cin daji: wuta da gawayi. Wuta tana da masu sa ta iri-iri. Akwai yaro mai neman gafiya, akwai mai ɗibar zuma da bakin wuta, akwai mai son sabuwar ciyawa ta tsiro wa dabba, akwai mai jefar da guntun taba. Wutar da ta tashi a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau, ta fi kowace ɓarna, don har ƙananan itatuwa take kashewa. Kuma wuta ba ta sa hannu a takarda. Idan ta ci gonar wani, ba a san wanda ya sa ta ba, sai zargi ya faɗa kan ƙabila ko addini. Mu da muke 'yan tsiraru a gari, mun fi kowa sanin inda irin wannan zargi yake sauka.

Gawayi kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, har da gas ɗin girki, gidaje da yawa suka koma wa ice da gawayi. Ku sani, kafin a sami buhu ɗaya na gawayi ta hanyar binne ice a ƙasa, sai an ƙona icen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Kuma masu yi ba sa neman ice mai laushi. Ɗorawa suke so, da kaɗanya, da maɗaci, da ƙirya. Ɗorawar da ta shekara talatin tana ba mata kalwar daddawa, rana ɗaya ta zama buhu goma a bakin titi. Mai suya, mai shayi, mai gidan burodi, mai tuyar ƙosai, dillalin gawayi, waɗannan sana'o'i ne da mutanenmu suke ciki sosai. Ba mu ce kowa ya bar sana'arsa ba. Amma wanda yake sayen kaya yana da bakin magana a kan irin kayan da za a kawo masa.

Manoman citta sun ga abin da ya faru a 2023, lokacin da cutar ruɓa ta shiga gonaki a kudancin Kaduna ta cinye amfanin shekara. Manomi ya yi kuka, dillali ya yi kuka, mai mota da ɗan dako duk sun ji a jikinsu. Wannan ya nuna mana cewa cinikinmu a bayan gonarsu yake tafiya. Ranar da ƙasa ta gaza, kasuwa ma ta mutu.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Yanzu bari mu shigo cikin gida, don a nan iyayenmu mata suka fi mu sani.

Na farko, murhu. Murhun duwatsu uku a fili yana watsar da yawancin zafinsa a iska. Murhun laka da aka gina ya rungume tukunya, aka bar masa ƙofa ɗaya, yana rage cin ice sosai, kuma ba a sayensa, da yumɓu da ƙaiƙayi ake yi. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya da murfi, a busar da ice kafin a hura, a kashe garwashi idan an sauke a ajiye don gobe. Kuma a daina girki a ɗaki rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki yana kashe kusan mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Tarin da muke cewa sanyin hunturu ne, sau da yawa daga madafa yake.

Na biyu, leda. Ledar cefane da ta fiya wata su ne suke toshe kwatoci, ruwa ya kwanta, sauro ya yi gida, mu kwashi yara zuwa asibiti. Akuya ko tunkiya ta haɗiye leda, ta yi ta ramewa, sai an yanka a ga abin da ke cikin tumbi. Mahautanmu shaida ne. Mu koma wa kwando da jakar saƙa idan za mu kasuwa. Ledar fiya wata kuwa a tara ta, akwai aikin da za ta yi, za mu zo kansa.

Na uku, shara. A raba ta biyu. Toka, ɓawon doya, ganye, kashin awaki da na kaji, a haƙa rami a bayan gida a riƙa zubawa ana yayyafa ruwa, cikin 'yan watanni ya zama taki. Da tsadar takin zamani a yau, wanda ya zubar da wannan a kwata kuɗi ya zubar. Haka nan ranar Babbar Sallah, jini da kayan cikin layya a binne su, kada a tura wa maƙwabci wari.

Na huɗu, ruwa. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka ya isa ya rayar da zogale, gwanda, ayaba da lemun tsami a tsakar gida. Masallatanmu ma, a karkata magudanar wurin alwala zuwa gindin itace. Wanda yake da rufin kwano ya sa indararo da tanki ko randa, ya tari ruwan damina.

Dattawa sun tuna zamanin duba-gari, da ake leƙa randa da masai. Wasunmu sun tuna yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon da aka fara a 1984, da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. An yi tsafta a lokacin, amma da bulala aka yi, shi ya sa da bulala ta tafi tsaftar ta bi ta. Wadda za ta dore ita ce wadda uwa ta koya wa ɗanta, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

DASHEN ITACE DA MAGANAR ƘASA

Kullum aka zo maganar daji, sai a ce a dasa itatuwa. Gaskiya ne, amma akwai abubuwa uku da za a kiyaye.

Ɗaya, lokaci. Ranar Afan tsakiyar hunturu ce, duk abin da aka dasa a ranar zai mutu. Abin da ya dace da Janairu shi ne reno. A cika ledojin fiya wata da ƙasa da taki, a huda gindinsu, a shuka ƙwallon mangwaro, ɗorawa, tsamiya, darbejiya ko zogale, a ajiye a inuwa, yara su riƙa ba su ruwa. Idan damina ta zauna, sai a dasa. Ranar 5 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa muhalli, ta yi daidai da wannan lokaci a ƙasarmu. Kowane itace kuma a ba shi mai shi, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Biyu, ba lallai sai an dasa sabo ba. Ku ji abin da 'yan'uwanmu Hausawan Maraɗi suka yi. Bayan fari ya cinye ƙasarsu, a 1983 wani ma'aikacin mishan ɗin SIM mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. Sai aka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture ana sassabe sauran. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani, suka yi ta koya wa juna. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ku lura da wani abu: SIM ɗin nan ita ce mishan ɗin da cocin ECWA ta fito daga cikinta, wadda take da makarantar horar da malamanta a nan Kagoro. Kirista ya kawo shawara, manoma Musulmi suka ɗauka, ƙasa ta farfaɗo, babu wanda addininsa ya ragu. Idan kututture ya tsiro a ƙasar da ruwanta bai kai rabin namu ba, ina ga nan?

Uku, kuma wannan ya fi sauran nauyi. A al'adar manoma da yawa, wanda ya dasa itace mai daɗewa a fili kamar ya kafa shaidar mallaka ne. Saboda haka duk wanda yake noma gonar aro ko ta haya, kada ya dasa ko mangwaro ɗaya sai ya sami mai gonar, sun yi magana a gaban shaidu, an san na wane ne itacen, wa zai ci 'ya'yansa. A cikin gidanka da ka saya, da harabar masallaci, da makarantar Islamiyya, da maƙabartarmu, dasa abin da kake so. A gefen dutse da filin jama'a kuwa, sai da izinin fada da masu unguwa, kuma tare da 'ya'yan gari. Kada aikin lada ya zama sanadin shari'a.

MAGANAR ADDINI

Mun san akwai masu tambaya ko ya halatta Musulmi ya kusanci wannan biki. Fatawa ta malamai ce, ga su nan zaune, kuma babu wanda ya ce wani ya shiga abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ko ya zauna inda ake shan abin da aka hana mu. Amma malaman nan su suka karantar da mu haƙƙin maƙwabci ko da ba addininku ɗaya ba. Su suka karantar da mu cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, yana da lada. Su suka hana mu ɓarnar ruwa ko a wurin alwala, suka ce kawar da ƙazanta daga hanya sadaka ce. Kai gaisuwa fada, share titi, ba baƙo ruwan sha, duk suna cikin wannan.

SHAWARWARIN KWAMITI

Ga abin da muke roƙon wannan taro ya amince da shi:

1. Dattawanmu su je fada kafin biki, su yi wa mai martaba fatan alheri, su kuma gabatar da niyyarmu ta haɗa hannu da matasan gari wajen tsaftar gari da tsaron daji daga wuta.

2. Washegarin biki, 2 ga Janairu, samarinmu su fito da tsintsiya da baro a share fili da hanyoyin da aka yi ciniki. Duk wanda ya kasa kaya a ranar biki ya zo da buhun zuba shararsa.

3. Kowane gida ya reni aƙalla itace biyar daga Janairu, a dasa a watan Yuni, a kuma ba maƙwabta kyautar abin da ya ragu.

4. Masu suya, shayi, burodi da dillalan gawayi su zauna su yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su sayi ice ko gawayin ɗanyar ɗorawa da kaɗanya ba.

5. Iyaye mata su zaɓi waɗanda suka iya ginin murhun laka su zagaya gida-gida suna koyarwa.

6. Iyaye su ja wa yara kunne a kan sa wuta a daji. Wanda yake da gona a gindin dutse ya share gefenta tun kafin ciyawa ta bushe.

Jama'a, Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. To kakannin wasunmu sun zo ne tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kafanchan a 1927, wasu fatauci ya kawo su tun kafin nan. A nan aka binne su, a nan aka yanke cibiyar 'ya'yanmu. Wanda ya kai haka a wuri ya wuce raɓa, kuma ba zai yi wa wurin riƙon ɗan kwana biyu ba. Masu gari za su auna mu da abin da suka gani a ƙofar gidajenmu da abin da muka bari a dajinsu. Mu ba su abin kirki su gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Kagoro da Kafanchan da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, ya sa a yi biki lafiya a tashi lafiya.